Duwatsun Sama: Nemansu da Gane Su a Arewacin Zamfara

1. Gabatarwa

Da wuya a sami mutumin da ya tashi a karkara, ya kuma saba kwana a tsakar gida lokacin bazara, wanda bai taɓa ganin wani haske ya tsaga sararin samaniya ya ɓace kafin ƙiftawar ido ba. Jama'a kan ce tauraro ne ya tsinke, malamai kuwa su kira shi shihabu. Abin da bai cika yaɗuwa ba shi ne cewa jefi-jefi wannan haske yakan bar wani abu a doron ƙasa, watau dutse wanda za a iya ɗauka a hannu, a auna, a yanka, a bincika. Irin wannan shi ake nufi da dutsen sama a cikin wannan lacca.

Manufar laccar ita ce ta bayyana asalin waɗannan duwatsu, da hanyoyin da ake bi a neme su, da alamomin da ake gane su da su, tare da la'akari da yanayin ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Za a ga cewa a ƙasa irin wannan, na'ura ba ta kai manomin da ya ga faɗuwar dutsen muhimmanci ba, shi da ma'aikacin da ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da manomin ya gani.

2. Asalin Dutsen Sama

Tsakanin duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas, da duniyar Mushtari, akwai tarin duwatsu manya da ƙanana masu kewaya rana. Ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, shekarunsu sun kai kamar miliyan 4,560, watau sun girmi kowane dutse da ke bisa doron ƙasa. Idan suka yi karo da juna sukan farfashe, wasu gutsattsarin su kauce hanya, har wata rana su ci karo da wannan duniya. Saurin da suke shigowa da shi cikin iska yakan kama daga kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda. Saboda wannan gudu sai iskar da ke gabansu ta matsu ta yi zafi, bayansu ya narke, su yi haske.

Mafi yawan hasken da ake gani da dare na ƙananan abubuwa ne da ba su wuce ƙwayar yashi ko tsakuwa ba, kuma sukan ƙone ƙurmus tun suna kilomita 80 ko fiye a sama. Haka zubar taurarin da ake gani kowace shekara wajen 13 da 14 ga Disamba, cikin hunturu, ba ta sauko da kome. Wanda ke saukowa shi ne babba, mai hasken da kan mai da dare rana, wanda bayan wucewarsa da minti ɗaya ko biyu ake jin rugugi kamar na aradu alhali kuwa babu hadari. Iska takan rage masa gudu tun yana can sama, hasken ya mutu, sa'an nan ya ƙarasa faɗowa kamar kowane dutse da aka saki. Don haka ne galibi ba a tarar da shi da zafin da zai ƙona ciyawa, domin bayansa kaɗai ya narke, cikinsa kuwa yana ɗauke da sanyin sararin da ya fito.

Su kansu masanan Turai sun daɗe suna ƙaryata mutanen ƙauye a kan wannan batu. A 1794 wani Bajamushe mai suna Chladni ya wallafa littafi yana cewa duwatsu na faɗowa daga sarari, aka yi masa dariya. Sai da duwatsu wajen 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na ƙasar Faransa ran 26 ga Afrilu 1803, aka aika wani masani mai suna Biot ya bi gida-gida yana tambayar manoma yana rubutawa, sa'an nan aka sallama. Ashe ke nan tun farkon wannan ilmi, shaidar talaka ce tushensa.

Duwatsun sama iri uku ne. Na farko su ne na dutse, waɗanda suka kai kashi 94 cikin 100 na abin da ake gani yana faɗowa. Yawancinsu suna ɗauke da wasu ƙwayoyi kewayayyu kamar na gero, da ɗigo-ɗigon ƙarfe a warwatse. Na biyu su ne na ƙarfe zalla, cakuɗe da wani farin ƙarfe da ake kira nikel, kamar wanda aka tarar a gonar Hoba a Namibiya a 1920, mai nauyin kusan tan 60. Na uku rabi dutse rabi ƙarfe ne, su ne kuma mafi ƙaranci.

3. Dutsen Zagami da 'Yan'uwansa

Ba sai an je Turai neman misali ba. Ran 3 ga Oktoba 1962, kusa da dutsen Zagami a ƙasar Faskari, cikin Lardin Katsina na wancan zamani, wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji wata gagarumar ƙara, iska ta buge shi, wani abu ya faɗi taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa kamar ƙafa biyu. Da aka tono sai ga dutse guda mai nauyin kilo 18. Labari ya kai ga hukuma, aka kai dutsen ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. Daga Ƙauran Namoda zuwa wurin da wannan abu ya auku bai fi kilomita ɗari da 'yan kai ba idan aka miƙe.

Ba a san darajarsa ba sai daga baya. A 1976 kumbunan Amurka biyu masu suna Viking suka sauka a Mirrihu, suka auna irin iskar da ke can. A 1983 aka sami iska mai irin wannan haɗi a kulle cikin wani dutsen sama da aka tsinto a Antatika, a 1995 kuma aka same ta cikin ɗan gilashin da ke jikin dutsen Zagami. Wannan ya tabbatar da cewa dutsen ɓallin duniyar Mirrihu ne. Aman wutar dutse ne da ya daskare a can kamar shekara miliyan 180 da suka wuce, sa'an nan wani babban dutse ya faɗa wa Mirrihu ya ɓantaro shi, ya yi ta shawagi wajen shekara miliyan uku kafin ya sauka a gonar Bakatsine. A duk faɗin duniya, duwatsun Mirrihu biyar kaɗai aka ga faɗuwarsu da ido: Chassigny a Faransa a 1815, Shergotty a Indiya a 1865, Nakhla a Masar a 1911, Zagami a 1962, da Tissint a Maroko a 2011. A 1996 ma an saka ɗan ƙanƙanen gutsuren Zagami cikin wani kumbo da aka harba zuwa Mirrihu.

Zagami ba shi kaɗai ba ne a Arewa. An ga faɗuwar dutse a Kabo ta ƙasar Kano a 1971, da Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984, da Kilabo ta ƙasar Haɗeja a 2002, da kan iyakar Maigatari a 2004. Labarin na Gujba yana da darasi. An ƙiyasta nauyinsa ya kai kilo 100, kuma irinsa na da wuyar samu ƙwarai, amma jama'a suka farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa don neman tabarruki, har ya zama babu mai iya sanin cikakkiyar siffarsa. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

4. Yadda Ake Nema

Duwatsun sama ba sa zaɓen ƙasa, ko'ina sukan faɗa. Bambancin yana wajen daɗewarsu bayan sun faɗo, da kuma sauƙin hango su. A hamada, inda ruwa ya yi ƙaranci, dutse kan yi dubban shekaru bai lalace ba, kuma baƙinsa yakan fito fili bisa farin fako. Wannan ne ya sa Sahara da nahiyar ƙanƙara ta Antatika suka zama rumbun masu nema. A Antatika, tun daga 1969 da wasu Japanawa suka tsinci guda tara, an tara dubbai masu yawa.

Arewacin Zamfara kuwa ba haka yake ba. Ruwan damina yakan shiga dutsen ya sa ƙarfen cikinsa tsatsa, garma ta binne shi, ambaliyar Gagare da Bunsuru ta rufe na fadama da laka. Bugu da ƙari, ƙasar cike take da marmara da baƙaƙen duwatsu masu ruɗin ido. Saboda haka wanda ya ɗauki gora ya shiga daji da sunan neman tsohon dutsen sama a nan, wahalar banza ya ɗauko, balle ma a waɗannan shekaru da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Zurmi da Shinkafi. Babu dutsen da ya kai ran mutum. Neman da ke da amfani a wannan ƙasa shi ne wanda ke biyo bayan faɗuwar da aka gani, ga kuma yadda ake yinsa.

Da farko a tattara shaidu tun labari bai gauraya ba. A je wa kowane mai shaida a inda yake tsaye lokacin da abin ya wuce, ya nuna da hannu inda hasken ya ɓullo da inda ya mutu, ta kan wane itace ko wane dutse. A tambaye shi lokaci, ko da ta hanyar salla ne, kamar bayan Isha'i ko gabanin Asuba, da kuma tsawon jinkirin da ke tsakanin haske da ƙara. Mai shaida guda yakan ɗauka abin ya faɗa bayan gari ne, alhali yana iya zama kilomita 100 daga nan. Amma idan mutumin Shinkafi ya ce hasken ya mutu ta kudu maso gabas da shi, na Ƙaura ya ce ta arewa maso gabas, sai a ja layi biyu bisa taswira, inda suka haɗu nan ne za a fara cigiya.

Na biyu, a san yadda gutsattsarin ke zuba. Idan dutse ya fashe a sama, ƙananan sukan riga faɗuwa, manyan su zarce gaba saboda nauyinsu. Filin da suke bazuwa yakan yi siffar ƙwai, tsawonsa na iya kai kilomita goma ko fiye. Wanda ya tsinci ƙarami, to, ya bi inda hasken ya dosa, can manyan suke.

Na uku, a yi nema cikin tsari. Mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa da 'yar rata tsakaninsu, su taka a hankali, ido a ƙasa. Haka ɗaliban Jami'ar Hartum suka yi a Disamba 2008, ƙarƙashin malaminsu Muawia Shaddad da wani masani Peter Jenniskens, bayan wani dutse ya fashe bisa hamadar Nuba ta Sudan ran 7 ga Oktoba na wannan shekara. Daga ƙarshe an tara gutsure wajen 600, aka sa musu suna Almahata Sitta, watau Tasha ta Shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa. A nan Zamfara lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kwashe amfanin gona, fili ya buɗe. A duba rufin ɗakuna da na rumbuna, a tambayi makiyaya da mata masu itace, domin su ne suka san kowane dutse na hanyarsu, su ne kuma za su fara lura da baƙo.

5. Alamomin Gane Shi

Alama ta farko ita ce ɓawo. Sabon dutsen sama yana da baƙin ɓawo siriri, kaurinsa bai cika wuce milimita guda ba, kamar bayan tukunyar da ta sha hayaƙi, cikinsa kuwa fari-fari ko toka-toka. Idan baƙin ya ratsa har ciki, akwai shakka. Gefunansa a goge suke, wani lokaci da 'yan loɓa-loɓa kamar an danna yatsa a jikin ɗanyen yumɓu.

Ta biyu nauyi. Dutsen gari irin na fa yakan ninka ruwa mai girmansa sau 2.7 a nauyi, dutsen sama mai ƙwayar gero yakan ninka kamar sau 3.3 zuwa 3.7, na ƙarfe kuwa kusan sau 8. Kowace makarantar sakandare mai sikeli da kofin awon ruwa tana iya gwada wannan.

Ta uku mayen ƙarfe. Yawancin duwatsun sama sukan ja shi. Sai dai a yi hattara, domin mayen ƙarfe mai ƙarfi yana goge wani tarihi da ke adane cikin dutsen, wanda masana ke karantawa su san yanayin duniyar da ya fito. In ya zama dole, a gwada a kan ɗan ɓalli, a bar uwar dutsen.

Ta huɗu ciki. Idan aka goga magagari a wani lungu kaɗan, za a ga ɗigon farin ƙarfe na ƙyalli, da 'yan ƙwayoyin nan kewayayyu. Ƙarfe tsantsa bai cika samuwa cikin duwatsun wannan duniya ba, domin tuni ya zama tsatsa.

To, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai abubuwa huɗu a wannan ƙasa da suka fi ruɗin masu nema. Na ɗaya marmara, wadda ke da nauyi da launin tsatsa, amma cike take da ramuka, kuma in an goga ta a gindin kofin tangaran takan bar jan zane ko ruwan ɗorawa. Na biyu tama da sauran duwatsun ƙarfe: wani yakan bar jan zane, wani baƙi, har ya ja mayen ƙarfe, alhali dutsen sama ba ya barin zane sai ɗan dishi-dishi. Na uku kashin tama da ake samu a kufai inda magabata suka yi narkar ƙarfe. Shi ne babban maruɗi, don baƙi ne, ga nauyi, ga alamar narkewa, amma yana da kumfa da ƙofofi kamar soso, dutsen sama kuwa a cure yake. Na huɗu gatarin aradu, wanda jama'a suka yi imani tsawa ce ke jefo shi. Masu binciken tarihi sun nuna cewa gatari ne na dutse da mutanen da suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙarfe. Yana da tasa darajar ta tarihi, amma daga ƙasa ya fito. Haka kuma duk dutsen da aka ga farar ƙanƙara a jikinsa, ko yake da falle-falle kamar an jera shi, na nan ne.

Akwai wani abin lura a nan. Da a ce dutsen Zagami tsinto shi aka yi bayan shekara goma a bakin gona, da wuya ya ci wannan jarrabawa. Ba shi da ƙwayar gero, ba shi da ɗigon ƙarfe, ba ya jan mayen ƙarfe sosai, cikinsa kuma ya yi kama da dutsen aman wuta na duniyar nan. Abin da ya cece shi shi ne an ga faɗuwarsa, an kuma kai rahoto. Saboda haka gwajin gida yana taimakawa ne wajen tankaɗe tsakuwa, hukunci na ƙarshe kuwa sai ɗakin bincike, inda ake auna nikel, a yanka dutsen siriri a duba shi da madubin ƙara girma.

6. Aikin Ɗalibi da Ma'aikaci

Idan aka sami dutsen da ake zato, kada a wanke shi, kada a shafa masa mai, kada a fasa shi. A ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa, a sa alƙalami ko kwabo a gefensa don a san girmansa. A rubuta rana da lokaci da sunan gona da ƙauye, in da wayar hannu mai nuna wuri a rubuta lambobin. A naɗe shi cikin tsumma busasshe mai tsabta, a ajiye nesa da laima. Sa'an nan a bi ta hannun mai unguwa da hakimi da uban ƙasa zuwa ƙaramar hukuma, a kuma sanar da Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya, wadda asalinta ke komawa ga 1919, ko Sashen Nazarin Ƙasa da Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Malamin gona da malamin makaranta da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, su ne gadar da ke tsakanin manomi da waɗannan wurare.

Wannan rubutu yana da dalili. Ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ba ta yi wa dutse rajista sai an ajiye giram 20 daga cikinsa, ko kashi 20 cikin 100 idan ƙarami ne, a wata cibiyar ilmi, kuma da sunan wurin da ya faɗa ake kiransa. Ta haka ne sunan Zagami da Kabo da Gujba ya shiga littattafan kimiyya na kowace ƙasa. Wanda kuwa ya bi ta hannun 'yan kasuwa ba tare da cikakken bayani ba, sai a ba shi lamba kurum ƙarƙashin sunan Arewa maso Yammacin Afirka.

Batun kuɗi ma ba abin ɓoyewa ba ne. A Nuwamba 2023 an tsinci wani dutsen Mirrihu mai nauyin kilo 24 da 'yan kai a jihar Agadas ta Nijar, aka ba shi lamba NWA 16788. A Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyu Yok a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Labari irin wannan yana da illa biyu. Yakan sa mai dutsen gaske ya sayar wa baƙo a ɓoye da abin da bai taka kara ya karya ba, yakan kuma ba 'yan damfara damar sayar wa mai kwaɗayi kashin tama. Gaskiyar magana ita ce yawancin duwatsun sama na gama-gari ne, kuɗinsu kaɗan ne, kuma ko mai tsadar ma darajarsa tana raguwa idan ba a san inda ya faɗa da ranar da ya faɗa ba. Har ila yau, dokar ma'adinai ta 2007 ta danƙa mallakar ma'adinan ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, don haka sanar da hukuma tun da wuri shi ne mafi kwanciyar hankali ga wanda ya tsinta.

7. Kammalawa

An ga cewa galibin dutsen sama ya girmi duk wani dutse na doron ƙasa, kuma ƙasar Hausa ta sami rabonta daga cikinsa, har da ɗaya daga cikin biyar na Mirrihu da aka ga saukarsu. An ga kuma cewa a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, damina da marmara ba sa barin a yi dogon jinkiri: dutsen da ba a ɗauka ba kafin ruwa ya sauka, ya kama hanyar ɓacewa. Abin da ya rage shi ne kowace makarantar sakandare da kowane ofishin gona na waɗannan ƙananan hukumomi uku su tanadi ɗan littafi, wanda duk ranar da aka ga babban haske aka ji rugugi ba hadari, za a rubuta rana da lokaci da inda hasken ya dosa da sunan ƙauyen da aka gan shi. Tsadarsa ba ta wuce ta littafin rubutu da alƙalami ba.